Kyamara a Kulle a Falo: Kannywood, Matsin Tattalin Arziki da Macijin Kusugu

Duk wanda ya buɗe finafinai masu dogon zango guda biyar daga cikin waɗanda ake yayi yanzu, ya kashe sauti ya zuba ido kawai, zai ga abu ɗaya yana ta maimaita kansa: falo, manyan kujeru, labule mai nauyi, mutum biyu ko uku a zaune suna magana. In an fita daga falon, ofis za a shiga. In an fita daga ofis, cikin mota ce a tsaye a bakin get. Can sai a haska gadar Ƙofar Nasarawa daga sama na daƙiƙa huɗu, don a tuna mana akwai gari a waje, sannan a koma falo. Masu sharhi sun saba ɗora laifin a kan lalacin marubuta. Lalaci yana da nasa kason, ba mu musa ba, amma a ganinmu rashin kuɗi ne ya gina falon nan, kuma ana iya bin sawun gininsa shekara bayan shekara.

Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, har zuwa lokacin da Sangaya ya fito a 1999 ya mayar da harkar kasuwa ta gaske, fim ɗin Hausa abu ne da ake riƙewa a hannu. Kaset ne, daga baya faifan CD. 'Yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai su ne bankin masana'antar: su ke saye, su ke rarrabawa, sau da yawa su ke ba da jari tun kafin a tafi lokeshan. Daga hannunsu kaya ke biyowa ta Wudil su iso mana Gaya, su wuce Ajingi da ƙauyukanta, inda mai shagon haya zai sayi kwafi ɗaya ya zagaya da shi gida-gida. Tsarin yana da ƙwara a cikinsa, furodusoshi sun sha kuka da 'yan kasuwa. Amma yana da wata fa'ida da ba a lura da ita ba sai da ta tafi: nairar mutumin Toranke ko Kademi, komai ƙanƙantarta, tana da hanyar da za ta bi ta isa aljihun wanda ya yi fim ɗin.

A ƙarshen wancan zamani ne aka fi ganin yunƙurin fita daga ɗaki. Aminu Saira ya yi Ɗan Marayan Zaki a 2012, fim ɗin da ya ɗaga sunan Sadiq Sani Sadiq, ya kuma yi Ashabul Kahfi. Ayyuka ne masu neman daji da suturar mutanen da da taron jama'a. A gefe guda ga finafinan aljanu da bokaye, inda mutum kan ɓace ɓat a bar hayaƙi, ko wuta ta fito daga tafin hannun boka, ko jarumi ɗaya ya rabu biyu yana gardama da kansa. Siddabarun bai da kyau, kowa ya sani. Gefen hoton kan yi kore-kore, inuwa ba ta bin jiki, wutar kuma kamar an yanko ta daga wani fim an manna. Mun sha dariya. Sai dai samarin da ke zaune gaban kwamfuta a situdiyoyin titin Gidan Zu suna koyo ne a kan aiki, ana biyan su, kuma aikin bana yakan fi na bara tsabta.

Sai 2016 ta zo. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a watan Janairun 2016. A watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira daga 197 a kan dala ɗaya, zuwa farkon 2017 kuwa ta haura 500 a hannun 'yan canji. A ƙarshen Agusta hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta tabbatar da abin da kowace uwargida ta riga ta gani a kuɗin cefane, wato tattalin arziki ya karye. A ƙarshen shekarar an samu ya ragu da kashi 1.6 cikin ɗari, abin da rabon a gani tun 1991. Faifan da ake buga fim a kai daga waje ake shigo da shi, haka kyamara da fitila da batir. Kuɗin yin fim ya tashi, mai saye kuma ya koma auna faifai da mudun masara.

Gaskiya karayar ba ita ta fara kwantar da kasuwar faifai ba, ta tarar da ita tana jinya ne ta ƙarasa ta. Wayar Android mai araha da katin memori sun riga sun shigo, shagunan caji sun ƙara sana'ar tura fim. Da 'yan nairori kaɗan sai a cika maka waya, ko sisi kuma bai komawa Kano.

Abin da ya fi ciwo shi ne abokin gasar da ya yi ƙarfi a daidai wannan lokaci: finafinan Indiya da aka yi wa baki da Hausa, sana'ar da situdiyo irin su Algaita suka shahara da ita. Yaron Ajingi mai kuɗin fim ɗaya an ajiye masa zaɓi biyu a farashi guda. Ga Baahubali na 2015 da ire-irensa, da rundunoni da giwaye da ganuwar birni, duk suna magana da Hausar da yake ji, har da barkwancin gida. Ga kuma bokanmu mai wutar da aka manna. Daga ranar da idonsa ya ga na farko, na biyun ya zama abin kunya. Furodusan da ya lura da haka hanya biyu gare shi: ya ninka kuɗin da yake kashewa a shekarar da ba shi da shi, ko ya janye daga wannan fage gaba ɗaya ya koma inda Indiya ba za ta iya binsa ba, wato rigimar kishiyoyi da gado da ofis irin namu. Kusan kowa ta biyun ya ɗauka, kuma in mun sa kanmu a matsayinsu da wuya mu ce sun yi wauta.

A shekarar dai aka soke ƙauyen fim na naira biliyan 3 da gwamnatin tarayya ta shirya ginawa a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, bayan adawar malamai da jama'a da dama. Wannan ba karayar arziki ta jawo ba, kuma muhawara ce ta daban. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, cikin abin da aka tsara akwai zauren ɗaukar hoto da makarantar koyon sana'a, irin wurin da ake kafa koren ƙyalle da fitilu a bar su a kafe.

An yi ƙoƙarin tashi. Mansoor na Ali Nuhu ya ja mutane zuwa silimar Ado Bayero Mall a 2017, a shekarar kuma Juyin Sarauta na Balaraba Ramat Yakubu, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, ya nuna har yanzu ana iya yin fim ɗin tarihi mai nauyi. Amma silima ɗaya ko biyu a cikin birni ba ta riƙe masana'anta, kuma babu wanda zai taso daga Gaya ya biya kuɗin mota da na tikiti don kallo. Kafin a ga inda abin zai kai, korona ta rufe Kano a watan Afrilun 2020, ƙasa ta sake faɗawa karaya ta biyu cikin shekara biyar. A wannan shekarar ce Izzar So ya kafu a YouTube, Labarina kuma ya fara a Arewa24, tashar da tun da farko ta saba wa mutane da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Daga nan kiɗa ya canja, rawa ta bi shi.

Ya kamata a fahimci yadda YouTube ke biya, domin a nan ne siffar labaranmu ta yanzu ta samo asali. Ba ingancin hoto yake saye ba, lokacin mai kallo yake saye. Tasha ba ta fara samun kuɗin talla sai ta cika ƙa'idar mabiya da awannin kallo, bidiyon da ya kai minti takwas kuma ana iya cusa masa talla a tsakiya. Ke nan minti ɗaya na mutum biyu suna musu a kan kujera da minti ɗaya na yaƙi a kan dawaki kuɗinsu ɗaya a wurin YouTube, alhali wajen yi na biyun yana iya cin kuɗin fitowa guda sukutum. Ga kuma wajibcin fitar da sabuwar fitowa duk mako, in ba haka ba masu kallo su watse. Siddabarun kwamfuta kuwa ba ya son gaggawa. Shi ya sa ake jan sallama, ake nuna mutum yana fitowa daga mota yana rufe ƙofa yana takawa har cikin gida, ake maimaita wa Hajiya labarin da muka gani da idonmu minti goma da suka wuce. Ba mu ga laifin Labarina a matsayinsa na aiki ba, yana cikin mafi tsabtar abin da ake yi, hotonsa da sautinsa sun fi na yawancin tsofaffin finafinai nesa ba kusa ba. Amma yana da kyau a tsaya a duba: daraktan da ya kai Sadiq Sani Sadiq daji a 2012 shi ne daga baya ya zaunar da shi a manyan faluka, kuma ba basira ce ta ragu ba.

Wani abin lura, dala YouTube ke biya. Lokacin da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga wajen naira 185 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Dala kuma daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A takarda wannan ba karaya ba ce, tunda ƙididdiga ta ce arzikin ƙasa yana ƙaruwa, sai dai a je kasuwar Wudil ranar Juma'a a faɗa wa mutane haka. Faɗuwar nairar ta sa dalar YouTube ta ƙara daraja a hannun furodusa, ta kuma sa ya ƙara karkata ga mai kallon da ke kawo ta. Talla ga mai kallo a Jidda ko Landan ta fi ta mai kallo a Najeriya tsada sosai. Mutumin Ajingi da aka tura wa fitowar ta Xender a shagon caji kuwa ba ya cikin lissafi ko kaɗan: bai ga talla ba, na'ura ba ta ƙirga shi ba. Shi ne ya fi yawa, shi ne kuma ya daina zama wanda ake yi wa fim. Muna zargin wannan na cikin dalilan da gona da rafi da kasuwar ƙauye suka yi ƙaranci a allo, sai in ana son a yi dariyar baƙauye.

Akwai wani dalili da mu masu aikin manhaja muka fi saurin gani, kuma ba mu cika jin ana maganarsa ba. Bidiyo a waya ba hotuna ne cikakku a jere ba. Don a rage nauyi, manhajar matse bidiyo takan adana cikakken hoto ɗaya, sannan a hotunan da ke biye ta rubuta abin da ya canja kawai. A sin ɗin falo, bango bai motsa ba, kujera ba ta motsa ba, baki da ido ne kaɗai ke aiki, saboda haka hoton kan fito tas ko da an matse shi ƙwarai. Ƙura, ruwan sama, hayaƙi, wuta, ganye a iska, taron dawaki: a waɗannan kusan kowane ɗigo na hoton canjawa yake a kowane lokaci, sai manhajar ta rasa abin da za ta ajiye, hoton ya farfashe ya koma murabba'ai. Duhun dare ma haka yake damewa. To, mai kallon da data ta yi masa tsada, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta amince da shi a Janairun 2025, yakan sauke ingancin zuwa 240 ko 360. Mai shagon turawa shi ma sake matsewa yake don memori ya ɗauki da yawa. Wato ko da wani ya yi kwana uku yana gyara hayaƙin aljani har ya yi kyau, abin da zai iso Gaya dambu ne. Tsadar data da kanta tana zaɓar mana irin labarin da zai iso da kyan gani, kuma falo take zaɓa.

Shi kuwa mai yin siddabarun, a ƙarshen layi yake. Kuɗin fim daga gaba ake cinye shi: jarumai, masauki, abinci, man mota, hayar gida. Kafin aiki ya iso teburin tacewa aljihu ya huje. A Kano ma da wuya a ce ga mutumin da sana'arsa siddabaru kaɗai. Edita ne guda, shi ke yanka, shi ke gyaran kala, shi ke daidaita sauti, shi ke rubuta fassarar Turanci a ƙasa, in an ce a sa wuta shi zai sa. Kayan aikinsa duk da dala ake saye. Adobe ya daina sayar da manhajojinsa sau ɗaya tun 2013, sai biyan wata-wata, kuma daga ƙarshen 2022 har zuwa tsakiyar 2025 yawancin katunan bankin naira ba sa biyan komai a waje, don haka ko mai niyyar biya sai ya bi ta bayan gida. Sannan ga wuta. A daƙiƙa ɗaya ta fim akwai hotuna 25. A ce ana son halitta ta kwamfuta ta bayyana na daƙiƙa goma kacal, hotuna 250 ke nan; a ce kowane ɗaya yana ɗaukar minti biyar kafin kwamfuta ta ƙera shi, an doshi awa 21 inji na ruri. In darakta ya leƙo ya ce a ɗan matsar da inuwar, a sake daga farko. A lissafa wannan da tsadar fetur, a tuna kuma da Oktoban 2024 lokacin da yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Ba abin mamaki ba ne in masu hannu a wannan aiki suka koma yin tallan kamfanoni da bidiyon biki da hotunan 'yan siyasa, inda ake biya a kan lokaci.

Kada a ɗauka wannan rauni namu ne kaɗai. A Amurka, kamfanin Rhythm & Hues da ya ƙera damisar Life of Pi ya shelanta karyewa a watan Fabrairun 2013, kwanaki kaɗan kafin aikin nasa ya ci kyautar Oscar, alhali fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 600. Da jagoran aikin, Bill Westenhofer, ya fara ambaton halin da kamfanin ke ciki a kan dandamali, kiɗa aka sakar masa aka kashe makirufo. A Fabrairun 2025 kuma Technicolor, mai shekara sama da ɗari, uwar kamfanin MPC da ya yi zakunan The Lion King, ya rushe, dubban ma'aikata suka rasa aiki, da yawansu a Indiya. Ciwon iri ɗaya ne: ana yin ciniki a kan farashi tsayayye, ana ta canja aiki ba a ƙara kuɗi, in kasuwa ta girgiza, kamar yadda korona da yajin aikin marubuta da jarumai na 2023 suka girgiza ta, na ƙarshen layi ke fara faɗuwa. Bambancin shi ne su masana'anta ce ta ginu ta faɗi, za a iya tattara ɓaraguzanta a sake gini. Mu tamu tana rarrafe aka taka ta.

Abin da ya sa wannan ya dami mai karatun adabi shi ne, rabin gadonmu na labari ba ya zama a kujera. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu na 1934, tafiye-tafiye ne cikin ƙasashen aljanu da abubuwan al'ajabi. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa yaƙi ne da ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun raini samari da yawa a kan takubba da matsafa da dodanni. Ga tatsuniya, ga Gizo da Ƙoƙi. Masana'antar da ba ta iya nuna abin da babu shi a zahiri ta yanke kanta daga wannan duka, ta rage da adabin soyayya da na zaman aure kaɗai, wanda shi ma namu ne, amma ba shi ke nan ba.

Mu mutanen Gaya abin ya fi zafe mu, domin labarin da ya fi kowane shahara a ƙasar Hausa ta ƙofarmu ya bi. A cikin labarin Bayajidda, a Gaya ne maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya je Daura ya sare kan macijin rijiyar Kusugu da ita, macijin da ake kira Sarki, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Maƙeran Gaya ɗin dai, Abagayawa, su ake dangantawa da fara zama a gindin Dala don neman tama. Duk abin da fim ke so yana nan: baƙo a kan doki, maƙera da wutar zuga-zugi, gari mai ƙishirwa, sarauniya, dodo a rijiya. Kowane ɗan firamare ya san shi. Amma duk furodusan da ya ɗauko shi, tambayar farko da zai yi wa kansa ita ce nawa macijin zai ci, sai ya ajiye. Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura, Najeriya kuma ta miƙa shi gasar Oscar a 2024, ya nuna ana iya tara dawaki da fada da mayaƙa da Hausa. Sai dai irin wannan sau ɗaya ake gani a shekaru, kuma ba da kuɗin tallan mako-mako ake yin sa ba.

Duk da haka ba za mu bar masu fim su fake a bayan tsadar rayuwa gaba ɗaya ba. Akwai talaucin da ke haifar da dabara, akwai wanda ake mayarwa uzuri. Gidan Badamasi kusan a gida ɗaya yake, amma an rubuta shi ne don gidan: tsoho mai dukiya a keken guragu, 'ya'ya rututu kowa da kwaɗayinsa, ƙuncin wurin shi ne abin dariyar. Wannan falo ne da aka zaɓa. Wanda muke ƙorafi a kai shi ne falon da aka faɗa cikinsa don babu shiri, inda ake zuwa lokeshan da rabin labari, a ɗauki abin da ya samu, in an ga giɓi a ce edita zai gyara. Siddabarun kwamfuta mai araha a takarda ake fara shi. Sai an zana kowane hoto tun kafin a kunna kyamara, an san inda haske zai fito, an san daƙiƙa nawa abin zai bayyana. Wannan ba ya cin dala, zama yake ci da haƙuri.

Shaidu suna nan, kuma ɗaya a maƙwabta take. Samarin Kaduna da ake kira Critics Company sun ja hankalin duniya a 2019 da gajerun finafinan kimiyya da suka yi da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle da manhajar Blender, wadda kyauta ce, har J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki. Da wannan Blender ɗin aka yi Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci Oscar na zanen motsi a 2025. Godzilla Minus One na Japan ya ci na siddabaru a 2024 da ma'aikata 35 da hotuna 610, a kan kuɗin da bai kai abin da Amurka ke kashewa a kashi ɗaya cikin goma na irinsa ba. DaVinci Resolve yana da sigar kyauta mai ɗauke da kayan haɗa hoto. Wuta da kwamfuta mai ƙarfi har yanzu matsala ce, amma katangar lasisin dala ta riga ta tsage. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, tafiyar da ba ta kai awa ba daga Gaya, tana yaye masu ilimin kwamfuta duk shekara, kuma ba mu ga wata gada tsakaninsu da titin Gidan Zu ba.

Macijin ma ba dole a nuna shi duka ba. Kifin roba da aka ƙera wa Steven Spielberg don Jaws na 1975 lalacewa ya riƙa yi a cikin ruwa, dole ta sa ya ɓoye shi, ɓoyewar ce kuma ta sa fim ɗin ya firgita duniya. A ɗauki sin ɗin Kusugu: dare ne, amma da farin wata mai isasshen haske don kada waya ta dame hoton. Doki ya toge, ya ƙi matsawa. Guga ya sauka, igiya ta yi sanyi, sai ta miƙe tsam kamar an riƙe ta daga ƙasa. Kwaɗi sun yi shiru. Ana jin wani abu mai nauyi yana gogar bangon rijiya, yana hawowa. Kyamara na kan fuskar baƙon da hannunsa a kan wuƙar Gaya. Inuwa ta hau bango ta wuce tsayinsa. Kan macijin ya bayyana na daƙiƙa biyu, hotuna 50 ke nan, aikin yini ɗaya ga kwamfuta matsakaiciya. Saura duk sauti ne, sauti kuwa shi ne abin da matsewa ba ta cika lalatawa ba, kuma shi ne abin da finafinanmu suka fi wulaƙantawa, suna lulluɓe kowane shiru da kiɗan fiyano.

Masu sauraro sun riga sun nuna inda ƙishirwarsu take. Littattafan yaƙi da na aljanu da suka gagari kyamara sun koma YouTube da katin memori a matsayin karatu da murya, awa bayan awa, mutum na ji yana ɗinki ko yana ban ruwa a fadama, domin a kunne runduna dubu ba ta cin ko kwabo. Yanzu kuma an fara lulluɓe irin wannan karatu da hotunan ƙirƙirarriyar basira, har da gajerun bidiyo. Ga furodusan da aljihunsa ya bushe wannan kamar ruwa ne a rani, kuma za a rungume shi, ba ma shakka. Sai dai manhajojin da suka fi kyau su ma da dala ake hayarsu, kuma abin da suka koya daga hotunan wasu ƙasashe suka koyo shi. Ka ce su zana maka sarkin Hausa, sau da yawa rawanin Larabawa ko na Indiya za su naɗa masa, ba mai kunne biyu ba. Ka ce ganuwa, su ba ka dutsen Turai maimakon jar ƙasa. Maƙerin kuma ya fito da uwar maƙera irin ta Ingila, yana tsaye, alhali namu a zaune yake aiki, yaro na gefe yana zuga masa wuta. Sai an samu wanda ya san bambancin, kuma aka biya shi ya zauna ya gyara. A kasafin yawancin finafinan da ake yi yanzu babu layin da aka rubuta sunansa.